Laftof ɗin da ba ta zafi

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata ta shiga ajin ƙarshe a BUK, ina nema mata laftof tokumbo. Tsorona zafi, don ɗakinsu ko fanka babu. Wacce kuke gani?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. EliteBook 840 G5 nake riƙewa, lafiya lau.

Injiniya: Ɗan Fagge, Allah ya sa ban makara ba. Ni na taɓa sayen wata siririya a wani shago, kyau kamar me. A shagon akwai AC, shiru kake ji. Ina zuwa gida a watan Afrilu fankarta ta fara kuka, allon rubutun ba ya taɓuwa, ana cikin aiki ta ɗauke. Na mayar, mai shagon ya ce wai ni ne nake ɗora ta a katifa. Da mai gyara ya buɗe, ƙura ta toshe mafitar iska tam, man da ake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof ɗin, ya bushe ƙamas. Don haka kada ka biya sai ka sa HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin laftof, ka buɗe bidiyo da Chrome minti 20 a gaban mai shagon. In tana wuce digiri 90 a wannan ɗan aikin, ajiye masa kayarsa. Tana kusantar 100 take rage wa kanta gudu, shi ne mutane ke cewa ta yi nauyi. Sannan ka duba harafin ƙarshen lambar furosesan. Mai U wat 15 take ci, mai H kuwa 45. Wadda rubutu za ta yi ba ruwanta da H.

Baban Khalifa: Ku dai ku sayi MacBook Air M1 ku huta, ko fanka ba ta da ita.

Maman Ilham: Alhaji sai ka turo cikon kuɗin 😂

Baban Khalifa: Hajiya ai kin fi ni, ke da kike odar atamfa daga Kwatano.

Malam na Zariya: Ko me za ka saya kada ya gaza 8th gen, wato zubi na takwas na furosesan Intel. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, kuma 11 ba ta karɓar na ƙasa da haka.

Auta: Ana yi mata dabara ta hau, Malam.

Malam na Zariya: Dabarar taka ce ta cinye min fayil ɗin ɗalibai bara.

Auta: Wallahi ba ni ba ne, filashinka ne mai ƙwayar cuta.

Ɗan Fagge: To yanzu EliteBook ɗin ko ThinkPad T480? Na ga duka biyun a Beirut Road.

Injiniya: Duk wadda ta ci gwajin. Kuma ka ce mata banda katifa.

Baban Khalifa: Af, wai wa ke da cajar Dell mai siririn baki ya ara min zuwa Juma'a?