Muhawara: rangwamen kuɗin bas ne ke kashe motocin gwamnati?

Baba Direba: Ina nan kan bakana. Duk bas ɗin da gwamnati ta karya wa kuɗi, ƙarshenta kan bulo. Da kuɗin fasinja ake sayen taya, a yi juyen baƙin mai, a gyara birki. In an ce a biya rabi, ina sauran zai fito?

Malama: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka. A Maiduguri gwamnatin Zulum ta sa bas naira 50, kuma a Disambar shekarar Tinubu ya je ya ƙaddamar da motoci 107. Uwar da ke tura yara uku makaranta kullum, ita za a tambaya amfanin wannan.

Makanike: Yaya Malama, ba arahar ce ke kashe mota ba, jinkirin sakin kuɗin ne. A wani gareji da na yi aiki, bas ta tsaya saboda famfon mai kawai. Aka rubuta takarda zuwa ofis, wata biyu babu sa hannu. Sai aka fara cire mata kaya ana sa wa 'yan'uwanta: yau batir, gobe madubi, jibi taya. Ina kallo lafiyayyar mota ta koma kwarangwal, har kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Abin yana ci mini rai har yau.

Ɗalibi: Ko Legas ba ta iya riƙewa ba. Gwamna Sanwo-Olu ya rage rabin kuɗin manyan bas ɗin birnin da ake kira BRT a Agustan 2023, zuwa Nuwamba aka mayar da ragin kashi 25 cikin 100. Amma can da katin Cowry ake biya, ana iya sanin mutum nawa suka hau da giɓin da gwamnati za ta cike. Inda kwandasta ke karɓa a hannu fa?

Baba Direba: To ka ji, yaro. Ga kuma lodi. Da an ji araha kowa ya taho, a cika mota har bakin ƙofa, sifirin ya karye.

Malama: Wannan ƙarancin motoci ne, Baba. Na taɓa tsayuwa sama da awa ɗaya a rana, na makara aji, kuma gobe ma zan tsaya, don albashina ba zai ɗauki adaidaita kullum ba. A ware kuɗin gyara tun ranar da aka sayo motar, a riƙa sakinsa duk wata.

Makanike: A kuma bar injiniyan gareji ya sayi famfon mai ba sai takarda ta kai ofishin kwamishina ba.