Wa ya taɓa karɓar takardar shaidar mutuwa a ofishin gunduma a nan Amurka?

Maman Khalifa, Shikago

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana 19 da rasuwar maigidana, ina cikin takaba. Banki sun ce ba za su saki ko sisi ba sai na kawo takardar shaidar mutuwa mai hatimi, wurin aikinsa ma haka suka ce a kan kuɗin inshora. Ga yayansa a Kano kullum sai ya kira, wai ana son takardar kafin a zauna rabon gado. Kwafi biyu kacal masu shirya jana'iza suka ba mu, ɗaya ta tafi ba ta dawo ba. Na tura ƙanena ofishin gundumarmu, aka duba aka ce babu sunansa. Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya faɗa mini yadda ya yi.

Baba Direba, Shikago

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. 'Yata, a ina ya cika? A gida ko a asibiti, kuma wane gari?

Maman Khalifa

Amin Baba, na gode. A wani asibiti ne can yamma da gari, kusa da wurin aikinsa. A wurin aikin ya faɗi.

Baba Direba

To ga matsalar nan. Takardar tana zama ne a inda rai ya fita, ba ruwansu da inda mutum yake kwana. Magatakardan gundumar Cook, wadda Shikago take ciki, yana riƙe da na waɗanda suka rasu a cikin Cook kaɗai. Idan asibitin ya faɗa cikin gundumar DuPage da ke maƙwabtaka, can za ki nema. Duba kwafin da ya rage a hannunki, sunan gundumar yana jiki. Ni ma haka na yi ta zarya lokacin da abokin zamana ya rasu, sai da wata ma'aikaciya ta nuna mini da yatsa. Kuma ba dole ki fita ba. Akwai fom da ake cikewa a aika ta gidan waya tare da hoton katin shaidarki, wasu ofisoshin kuma suna karɓa ta intanet ta hannun wani kamfani mai suna VitalChek, sai dai da ƙarin kuɗi. Ke matarsa ce, ba wanda ya fi ki haƙƙin karɓa. Ki nemi goma a lokaci ɗaya, don ofisoshi da yawa na asali suke so, ba sa karɓar hoto.

Ɗan Maraɗi, Kolombus

Allah ya gafarta masa, Hajiya. Kafin ki biya kuɗin goma, ki zauna ki karanta wadda ke hannunki harafi bayan harafi. Ni abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Ranar da mahaifinmu ya rasu hankalina ba ya jikina, burina kawai a yi masa sutura kafin la'asar. Mai shirya jana'iza ya zaunar da ni yana tambaya: sunansa, ranar haihuwa, sunan uwa, sunan uba. Na ce Muhammad, ya rubuta. Alhali a fasfo da katin zamansa Mahamadou ne, irin rubutunmu na Nijar. Ranar haihuwa kuma na faɗi wadda muka sani a gida, ba 1 ga Janairu da ke jikin takardunsa ba.

Mutane da yawa suna zaton likita ne ke cike takardar duka. A'a. Likita dalilin mutuwa da lokacinta kawai yake rubutawa. Sauran duk daga bakin ɗan'uwan da aka tambaya ne, mai jana'iza ya shigar ya miƙa wa hukuma. Don haka kuskuren nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Gyaran ya ɗauke ni wata huɗu: takardar rantsuwa a gaban notari (jami'in da ke shaida sa hannu), kwafin fasfo, jira, sannan na sake sayen sababbin kwafi, tsofaffin takwas suka tashi a banza. Yanzu duk rasuwar da aka yi a masallacinmu, ni nake tsayawa in ce a ɗauko fasfo tukuna.

Anti Nas, Hustan

Ni tawa daban ce. Ƙanen mijina a ɗakinsa aka same shi, yaro mai shekara 34, ba ya ciwon komai. Irin wannan dole ta bi ta hannun likitan binciken gawa na gunduma. Sun sakar mana gawar da wuri da muka yi bayanin addininmu, amma a gurbin dalilin mutuwa aka rubuta ana jiran sakamako. Da wannan takardar mun rufe layin wayarsa da hayar gida, amma masu inshora suka ce sai ta ƙarshe ta fito, muka yi wata uku muna jira. Kuma a Teksas takardar mutuwa a rufe take har shekara 25, sai dangi na kusa. Ni da nake matar yayansa ban isa ba, sai da mijina ya je da kansa. Hajiya, kar ki manta da ofishin Social Security, wato hukumar fansho ta gwamnatin tarayya, akwai dala 255 da ake ba matar mamaci sau ɗaya, yara ƙanana kuma suna iya samun na wata-wata.

Alhajin Bronx

Batun Kano nake so in taɓa, don nan ne aikin yake. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961, wadda ta sa hatimi ɗaya ke wadatarwa tsakanin ƙasashe. Da na kai takardar yayana gida, sai da ta bi matakai. Mu a birnin New York ma'aikatar lafiya ta birni ce ke bayarwa, dala 15 kowane kwafi, kuma ana neman ta haɗe da wasiƙar da ke tabbatar da sa hannun. Daga nan magatakardan gunduma, sai ofishin sakataren jiha, sai ma'aikatar harkokin waje ta Amurka, sannan ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya. Amma fa ki sa yayan nasa ya tambaya tukuna me ake so takamaimai. Na ga wanda ya kashe kuɗi ya bi duk wannan, ya isa gida aka ce shaidu biyu ma sun isa.

Malam Mai Tone-tone, Sent Luwis

Allah ya ba da haƙuri. Ku yafe mini in ɗan karkata, don ofisoshin nan ni tsofaffin takardu ke kai ni. Matata baƙar fatar Amurka ce, ta daɗe tana son sanin asalin kakan mahaifinta, wanda ya baro Misisipi ya zo Shikago neman aiki. A Cook, mutuwar da ta shekara 20 kowa yana iya neman kwafinta don binciken asali. Muka samu tasa ta 1947, ga sunan uwarsa da garin haihuwarsa, abin da ba wanda ya sani a danginsu kaf. Matata ta yi kuka ranar.

Daga nan hanya ta ƙuntata. Misisipi ba ta fara rajistar mutuwa a faɗin jiha ba sai 1912, uwar kuwa ta riga ta rasu. Kowane wuri da inda nasa ya tsaya. Na Shikago kafin 1871 gobarar da ta cinye birnin a shekarar ta haɗa da su. A Ohayo, daga 1867 zuwa 1908 kotun gado ta kowace gunduma ce ke riƙe da littafin. Mu nan Mizuri mun fi kowa sauƙi, daga 1910 duk wadda ta cika shekara 50 tana intanet kyauta. Abin da ya ba ni mamaki, shekarun tsohon a takardar sun saɓa da na ƙidayar jama'a da shekara shida. Da na duba wanda ya ba da bayanin, ashe mai gidan hayarsa ce. Maganar Ɗan Maraɗi ke nan, tun 1947 ake yin ta.

Anti Nas

Malam, baiwar Allah tana cikin takaba kai kana gobarar 1871! Amma dai na ƙaru.

Maman Khalifa

Anti bar shi, ni ma na karanta har ƙarshe. Baba, gaskiyarka, DuPage ce a jiki. Yaya Ɗan Maraɗi, na ɗauko fasfo na gwada: sunansa da ranar haihuwa daidai ne, amma a gurbin mahaifiyarsa sunan kishiyarta da ta riƙe shi aka sa, don ita ƙanena ya sani. Na kira masu jana'izar, sun ce za su turo fom ɗin gyara ranar Litinin. Biyu kawai zan nema yanzu saboda banki, sauran sai an gyara. Alhaji, yayan nasa ya ce zai je kotun gobe ya tambaya.