Muhawara: Shin Araha Tana Ado a Kunnen Mai Sauraron Metal?

Mai Jita: Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na zo da ƙorafi, kuma na zo da magana guda wadda nake so a auna ta. Makonni uku da suka wuce na shiga wani shago a nan Kano, na ce wa mai shagon ina neman hedifon na sauraron kiɗan hebi metal, wato kiɗan Turawa mai ƙarar jita da ganga, wanda kuɗinsa ba zai karya ni ba. Ya ɗauko wani a cikin kwali mai sheƙi, ya ɗora mini a kai, ya saka wata waƙar rawa daga wayarsa, ya ce in ji yadda bes, wato sautin ƙasa mai kauri, yake dukan ƙirji. Na biya naira 22,000 na kama hanya. Da dare, bayan an ɗauke wuta unguwa ta yi tsit, na saka abin da na saba ji, sai na tarar ganga ta haɗiye komai. Jita biyu da na san ɗaya tana kunnen dama ɗaya tana kunnen hagu sun cakuɗe sun zama kunu, kuma bugun ƙafa biyu na mai ganga, wanda ya kamata ya fito ɗaya bayan ɗaya kamar luguden mata biyu a turmi guda, ya koma wani dogon gurnani marar kai. Da na mayar washegari aka ce kayan da aka buɗe kwalinsa ba ya dawowa. Maganar da na zo da ita ke nan: yawan bes shi ne babban abokin gaban wannan kiɗa, domin ran metal yana cikin muryar jita ne, wadda take tsakiya, tsakanin sauti mai kauri da siriri, kuma hedifon mai waya mai araha wanda yake fito da tsakiyar nan tas ya fi mai tsada da ya cika kunne da rugugi.

Alhajin Kanti: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka yi haƙuri, amma kalma guda a cikin maganarka ta riga ta yanke maka hukunci, wato araha. Tun kafin a haife mu Bahaushe ya ce araha ba ta ado, ya kuma ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shekarata goma sha huɗu ina sayar da kayan waya, kuma na san cikin mutum goma da za su shigo neman abin kunne, tara bes suke tambaya. Ɗan kasuwa abin da ake nema yake sarowa. Ka nemi araha, an ba ka araha, saboda haka ban ga dalilin ɗora wa mai shago laifi ba.

Injiniyan Sitidiyo: Alhaji, da girmamawa, karin magana ba ya auna sauti. Abin da Mai Jita ya faɗa yana da tushe. Igiyar jita mafi kauri a saitin da aka saba tana kaɗawa a kusan 82 Hz, wato sau 82 a daƙiƙa ɗaya, ta jitar bes kuma a kusan 41 Hz, amma cizon da ake ji a jitar metal, wannan kaifin da yake sa ka rarrabe bugu daga bugu, yana can sama, tsakanin 2,000 da 4,000 Hz. Idan hedifon ya kumbura abin da ke tsakanin 100 da 250 Hz, sai ya lulluɓe na sama da shi, kamar yadda babbar ganga take danne goge idan mai bugu bai san hannunsa ba. Kuma akwai masu araha da ba su da wannan ciwo. Audio-Technica ATH-M20x yana wajen dala 50. Sony MDR-7506, wanda aka fara sayarwa a 1991 kuma har yau ana aiki da shi a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar sauti, yana wajen dala 100, nauyin jansa ohm 63 ne, waya tana iya tura shi ba tare da an ƙara wata na'ura ba.

Ɗalibi Mai Neman Sani: Injiniya, ranka ya daɗe, a wace ƙasa ce dala 100 take araha? Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ko a lissafa ta a kan 1,400, hedifon ɗin da ka ambata ya kama naira 140,000 kafin kuɗin kawowa, alhali mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Wato albashin wata biyu cur. Ina ganin kiran wannan araha cin fuska ne ga irinmu da muke tara kuɗin data da ƙyar.

Malamin Hausa: Ina so in gyara wani abu kafin a yi nisa, domin ana amfani da kalmar ba a inda take ba. Araha ba ƙarancin kuɗi ba ce kawai. Araha ita ce a sami abu ƙasa da darajarsa, shi ya sa ake cewa hatsi ya yi araha da kaka, alhali hatsin bai rage kyau ba. Abin da Mai Jita ya saya ba mai araha ba ne, mai tsada ne ƙwarai, tun da ya biya 22,000 a kan abin da bai yi masa aikin sisi ba. Abin da ɗalibi yake nufi kuma shi ne sauƙin kuɗi, wanda ya danganta da aljihun mai saye.

Alhajin Kanti: Malam, a aji haka ne, amma a kasuwa idan mutum ya ce a ba shi mai araha, mun san na ƙasa yake nufi. Ba a taɓa zuwa kantina an ce a ba ni abin da yake ƙasa da darajarsa ba. Kuma idan fassararka ce daidai, me ya sa aka ce ba ta ado?

Malamin Hausa: Alhaji, an faɗi haka ne don a gargaɗi mai kwaɗayin rahusa, ba don a ba mai sayarwa lasisin miƙa wa mutum abin da bai tambaya ba. Yaron nan ya faɗi irin kiɗan da yake ji, aka gwada masa da wani kiɗa dabam.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum 'yan'uwa na Nijeriya. Mu a nan sefa tana ɗaure da yuro, 655.957 a kan yuro ɗaya, saboda haka farashin kayan waje ba ya tsalle a wurinmu kamar yadda yake yi a wurinku. Amma kada ku ɗauka mun huta, domin yawancin kayan nan ta Kano suke biyowa su iso mana, kuma kafin su iso an ɗora musu kuɗin hanya. Abin da yake araha a Damagaram yau yana iya zama tsada a Kano gobe, don haka ina goyon bayan Malam: kalmar ba ta da ma'auni guda.

'Yar Jos: Yayyena, kun bar jaki kuna dukan taiki. Duk wanda ya yi magana a nan ya ɗauka dole sai babban abin da ake kifawa a kai. Ni da nake ɗaura ɗankwali in yafa mayafi, wannan baka da take bi ta tsakiyar kai ba ta zauna mini, kuma da zafin rana soson kunnen yana jiƙewa da gumi, bayan 'yan watanni fatar roba ta fara ɓarewa tana manne wa mutum a kumatu. Shekara biyu ke nan ina amfani da ƙananan na cikin kunne masu waya. Moondrop Chu da 7Hz Salnotes Zero duk sun fito a kan kusan dala 20, kuma a cikin wanda nake da shi ina jin jitar dama dabam, ta hagu dabam, ina kuma iya bin ƙafar mai ganga ko da ya kai ƙarshen gudunsa. Ga shi suna toshe ƙarar hanya idan ina cikin Keke Napep. Idan ana neman araha ta gaskiya, ga ta nan.

Injiniyan Sitidiyo: Ƙanwata, abin da kika ambata iyafis ne, ba hedifon ba. Mai tambaya hedifon ya ce. Abin da aka cusa cikin ramin kunne ba zai ba ki faɗin fili irin na wanda ya rufe kunne gaba ɗaya ba.

'Yar Jos: Injiniya, ka taɓa saka ɗaya daga cikin biyun nan a kunnenka, ko kuwa daga suna ka yanke hukunci?

Injiniyan Sitidiyo: Ban saka su ba, amma wani abokin aikina ya gwada irinsu ya ce ba su kai ba, kuma na yarda da kunnensa.

Ɗalibi Mai Neman Sani: To ni duk wannan zancen waya ma ban gane masa ba. Tun 2016 da Apple ya cire ramin abin kunne daga iPhone 7, kamfanoni da yawa suka bi sahu. Kowa a makarantarmu Bluetooth yake sawa, kuma ban ji wanda ya yi kukan jitarsa ta ɓace ba.

Injiniyan Sitidiyo: Domin ba su san abin da suka rasa ba. Bluetooth yana matse sauti kafin ya aika, kuma mafi yawan masu sauƙin kuɗi da tsarin matsewa na gama-gari mai suna SBC suke aiki. Amma babbar matsalar ma ba nan take ba. Idan ka biya 22,000 a kan mai Bluetooth, kuɗinka ya rabu tsakanin batir, da na'urar karɓar saƙo, da makirufo, da maɓallai, abin da ya rage wa lasifikar kanta kaɗan ne. Mai waya kuwa kusan duk kuɗin a kan sauti ya tafi, kuma ba ruwansa da caji ranar da babu wuta. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutanenmu har yanzu suna da ramin nan na milimita 3.5.

Alhajin Kanti: Ga shi kuwa masu waya su ne aka fi dawo mini da su, domin wayar tana tsinkewa daga gindin filogi. Wannan ma a faɗa.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Wannan kiɗa da kuke magana a kai a Birmingham ta Ingila ya tashi, garin masana'antu, kuma faifan farko na Black Sabbath a 1970 ya fito. Mai jitarsu, Tony Iommi, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu tun yana saurayi, daga baya ya sassauta igiyoyin jitarsa don yatsun su huta, sautin ya ƙara kauri da duhu. Ina faɗin wannan ne don ku san nauyin metal daga jita yake fitowa, ba daga rugugin da ake ƙarawa daga baya ba, kuma a nan yaron da ya buɗe zancen yana da gaskiya. Ni Koss Porta Pro nake da shi, ƙirar da ta fito tun 1984. Soso kawai nake canja masa. Sai dai bayansa a buɗe yake, wanda ke kusa da kai yana jin abin da kake ji, kai ma kana jin janaretan maƙwabci.

Injiniyan Sitidiyo: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Porta Pro ɗin ma ai yana da nasa kumburin a ƙasa, kuma samansa a lulluɓe yake idan aka gwada shi da na Sony.

Baba Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Sony ɗin naka kuma samansa yana da kaifi, faya-fayan tagullar mai ganga suna soke kunne bayan awa guda, ga doguwar waya mai murɗe-murɗe wadda ba a cire ta. An yi shi ne don mai aiki ya kama kuskure, ba don mai sauraro ya ji daɗi ba. Na yi aiki da shi shekaru, na san halinsa.

Ma'aikaciyar Jinya: Ina roƙon a saurare ni minti ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako a kan ƙarar desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Hedifon da yake binne jita yana sa mutum ya yi ta ƙara murya yana neman ta, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Ɗalibi Mai Neman Sani: Anti, mun gode, amma har yanzu ba a ba ni amsar yadda albashin wata biyu ya zama araha ba.

Mai Jita: Jama'a, na karanta duka. Na tambaya ko yawan bes yana kashe metal, mutum biyu ne kawai suka taɓa wannan, sauran ana ta ja-in-ja a kan kalmar da na faɗa a wucewa. Abin da ya rage a hannuna naira 30,000 ne, kuma wayata tana da ramin abin kunne.

Shugaban Zaure: To, lokacin rufe wannan zance ya yi, ga kuma abin da na fahimta an tsaya a kai. An yarda cewa araha ita ce samun abu ƙasa da darajarsa, kamar yadda Malam ya bayyana, kuma a kan wannan ma'auni babu wanda ya kawo abin da ya kai Sony MDR-7506, wanda ni ma shi ne a kaina shekara shida ban taɓa kai shi gyara ba. An yarda mai waya ya fi Bluetooth. Maganar ƙananan na cikin kunne ba ta sami goyon baya ba, tun da ba su aka tambaya ba. Ƙorafin ɗalibi a kan farashi abin dubawa ne, amma na tattalin arziki ne, ba na sauti ba. Shawarata ga Mai Jita ita ce ya riƙe kuɗinsa ya ci gaba da tari har su kai.

'Yar Jos: Shugaba, ba a ƙi maganata ba, mutum ɗaya ne ya ja, shi ma ya ce bai gwada ba. Yaya Mai Jita, duk abin da za ka saya, ka tafi da wayarka da waƙar da ka fi sani, ka zaɓi wurin da ganga take gudu jita biyu suna amsa wa juna, ka saurara a cikin shagon kafin ka zaro kuɗi daga aljihu.