Hanyar da tauraron ɗan adam ke bi: ni dai falaki na zaɓa

1/ Jama'a, akwai kalmar da nake so mu tsayar. Tauraron ɗan adam ya zauna a bakin kowa, haka ɗan sama jannati, haka harba roka. Amma hanyar da tauraron ke bi yana zagaya duniya, wadda Bature ke ce wa orbit, har yau kowa da tasa.

2/ Ɗan yayata ne ya tayar min da maganar. Mai saita dish yana kan rufin gidanmu, yana juya faranti a hankali yana kwala wa na cikin ɗaki kira, "Ya kawo?" Da hoto ya fito ya ɗaure noti ya sauko. Sai yaron ya ce, "Kawu, a makaranta an ce tauraron gudu yake yi. To me ya sa aka ɗaure dish ɗin wuri ɗaya?" Na san amsar sarai, amma sau uku ina kai wa wannan kalma ina komawa Turanci. Abin ya tsaya min a rai.

3/ Kewaye aka fi ba ni shawara. Ma'anarta ta dace, sai dai duk Bahaushe ya san inda ake nufi idan an ce wane ya tafi kewaye. Malamin da zai faɗe ta gaban yara sittin ya rasa ajinsa.

4/ Zagaye kuwa tana da aikinta, kada mu ɗora mata kaya biyu. Ita ce ta ƙirga: ɗan sama jannatin Rasha Yuri Gagarin ya yi zagaye ɗaya a 1961, na Amurka John Glenn ya yi uku a 1962. Turba miƙewa take yi ta kai ka wani gari. Da'ira ta cika takura, domin hanyoyi da yawa a can sama siffar ƙwai gare su. Ɗawafi kuma a bar wa Ɗakin Allah.

5/ Saura falaki, kuma a kanta na tsaya. Ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya yi karatun allo ya bi ta kanta a Suratu Yasin da Suratul Anbiya, inda aka ce rana da wata kowanne cikin falaki yake iyo. Wato tun asali ma'anarta ke nan: hanyar da wani abu na sama ke bi yana komowa inda ya faro. Gajera ce, tana karɓar jam'i, falakai, kuma tana tafiya da aikatau ba tare da an matsa mata ba: ya shiga falaki, ya sauya falaki, ya faɗo daga falaki.

6/ Na san abin da za a ce: ilimin falaki ya gauraya da duba da bugun ƙasa a kunnen mutane. Gaskiya ne. Amma da shi ne kuma malamai suka riƙa lissafin tsayuwar wata da taurarin damina. Kalma takan bi wanda ya fi yawan amfani da ita. Idan ɗaliban kimiyya da gidajen rediyo suka riƙe ta shekara goma, tasu ce.

7/ Ga dalilin da ya sa na damu haka. Hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, an kafa ta a 1999. A Satumban 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk a Rasha, wani kamfanin Ingila ne ya ƙera shi. A Mayun 2007 aka harba NigComSat-1 daga Xichang a Sin. Mai sauraron rediyo duk "an harba tauraron ɗan adam" ya ji, alhali su biyun nan ko kusa ba unguwarsu ɗaya ba.

8/ Na farkon, lokacin da yake aiki, yana tafe ne kusan kilomita 700 daga ƙasa, yana zagaya duniya sau 14 da ɗoriya a rana, yana ɗaukar hoton gonaki da dazuzzuka da ambaliya. Dole ya matso don ya gani. Wannan shi ne falakin kusa. A nan aka sa NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a Agustan 2011, na biyun ma injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu lokacin da suke samun horo a Ingila.

9/ Na biyun kuwa, na sadarwa, can ƙololuwa aka kai shi, kilomita 35,786 daga ƙasa, saitin layin da ya raba duniya kudu da arewa. A wannan nisa zagaye ɗaya kwana ɗaya yake ci, daidai da juyawar duniyar kanta. Kamar mahaya biyu ne da dawakinsu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, kowa na ganin ɗan'uwansa bai gusa ba. Amsar ɗan yayata ke nan: gudu yake yi, amma tare da mu. Na kira shi falakin tsaye. NigComSat-1 ya mutu a Nuwamban 2008 saboda matsalar fuka-fukansa masu tara hasken rana, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011, an tsara masa shekara 15 na aiki.

10/ Kuma muna da tsohuwar alaƙa da wannan hanya. A Agustan 1963 shugaban Amurka Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, na farko da ya yi nasarar daidaita zagayensa da juyawar duniya. Kafin nan ma Amurkawa sun kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, tana cikin waɗanda suka bi sawun Glenn. Fiye da shekara sittin ke nan, ba mu da sunan abin da ya wuce ta saman Dala.

11/ Inda kalmar za ta fi mana rana shi ne gaba. An sha yi mana alkawarin ɗan sama jannati da kuma harba roka daga ƙasarmu, akwai ma cibiyar aikin roka a Epe ta jihar Legas. To leƙa sararin samaniya daban, shiga falaki daban. Alan Shepard ya cilla sama a 1961 ya dawo cikin minti 15, bai shiga falaki ba. Shiga falakin kusa sai abu ya kai gudun wajen kilomita 28,000 a awa, yadda zai riƙa faɗowa amma duniya na lanƙwashewa a ƙarƙashinsa, ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Tazarar kuɗi da fasaha tsakanin biyun nan mai girma ce ƙwarai. Ranar da aka ce mun harba tamu rokar, ina so manomi a Ɗanbatta ya iya tambaya da harshensa: ta shiga falaki, ko leƙawa ta yi ta dawo?

12/ Falakin tsaye ne kaɗai nake ɗan jinjinawa, don kada yaro ya ɗauka tauraron ba ya motsi. Wani malami ya ce min falakin saiti ya fi, tunda kullum yana saitin wuri ɗaya. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuka yi karatun da Faransanci, wanne ya fi zama a kunnenku?