Neman shawara: yaya filin jiragen yaƙi na bakin daga yake a Yaƙin Duniya na Ɗaya?

Malamin Tarihi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Zan zana wa ɗalibaina filin jiragen soja a Faransa tsakanin 1914 da 1918. Titin kwalta zan sa? Kuma ina zan ajiye shi daga ramukan sojoji?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar maganar kwalta. Gona ce aka share, ciyawa kawai. Jiragen ba su da birki, wani katako ne a ƙarƙashin wutsiya yake kartar ƙasa har jirgin ya tsaya, kuma a kan kwalta ba zai kama ba. Ka yi filin da faɗi ta kowace fuska, domin jirgin katako da ƙyalle sai ya fuskanci iska wajen tashi da sauka, in ta buge shi ta gefe ta kifar da shi. Kada ka manta da jakar nuna iska a kan sanda.

Mai Taswira: Wajen nisa, abu biyu ke ja-in-ja. Dole a wuce inda igwar abokan gaba ke kaiwa, amma in an yi nisa sosai mai ya ƙare a hanya. Jirgin yaƙin Ingila da ake kira Sopwith Camel awa biyu da rabi yake yi a sama. Saint-Omer, babbar cibiyar jiragen Turawan Ingila tun Oktoban 1914, tana can baya, filaye irin na garin Bailleul ne ke kusa da daga. Rumfunan ajiye jirage kuwa tamfol ne a kan katako, ana ce musu Bessonneau, wajen mita 20 da 24, a kwance su a loda a mota. Da Jamusawa suka danno ranar 21 ga Maris 1918, waɗanda ba a samu kwashewa ba wuta aka cinna musu.

Tsohon Makanike: Malam, taɓo shi ne babban ciwon kai. Taya ta watso shi kan farfela ta tsage, ko ta lume jirgin ya kifa da hanci, shi ya sa ake zuba tokar kwal inda ruwa ke kwanciya. Fetur a gwangwani yake zuwa, a tace shi da fata mai laushi don ta tare ruwa. Injin da ke juyawa tare da farfela man zurma yake sha, saboda fetur ba ya tsinka shi. Ka zana mutum ɗaya yana murza farfela da hannu, biyu riƙe da igiyar waigin taya.