Wa ya taɓa shiga Countach da kansa?

Sani_Brescia: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hoton motar Lamborghini Countach kowa ya san shi, ƙofofi na ɗagawa sama kamar almakashi. Ina son jin ta bakin wanda ya zauna a ciki ko ya riƙe sitiyarinta. Da gaske tuƙinta na da wuya haka?

Oga_Bala: Wa alaikumus salam Malam Sani. A wani gareji da na yi aiki kusa da Bologna a ƙasar Italiya an taɓa kawo mana Countach LP400, irin ta farko da aka fara sayarwa a 1974. Injin V12 ne, wato mai silinda goma sha biyu, mai lita 3.9 a bayan direba, akwatin giya kuma a gabansa, har ya shigo tsakanin kujerun biyu. Kafireto Weber shida gare ta, saita su su yi numfashi ɗaya sai mai kunne da haƙuri. Ni na jawo ta daga bakin titi zuwa ciki. Kuloci nauyi, sitiyari nauyi, babu abin da ke taimaka maka. Wajen ribas kuwa ba ka ganin komai ta baya. Maigidana ya ce in ɗaga ƙofa, in zauna a bakinta, ƙafa na kan feda, in waiga ta saman kafaɗa. Haka masu ita ke yi. Wallahi duk da haka ban so in sauka ba.

Hajiya_Rabi: Ni gani kawai na yi a gidan tarihin kamfanin a Sant'Agata Bolognese. Rufinta da ƙyar ya wuce ƙuguna, tsayinta bai fi mita ɗaya da 'yan santimita ba. Ace a 1971 mai zanen motoci Marcello Gandini ya zana wannan siffa, har yau ba ta tsufa ba.

Auwal_Dubai: Hajiya gaskiyarki. Wani abokin ubangidana ya ɗauke ni a Countach samfurin QV, wadda ta fito a 1985 da inji mai lita 5.2 da ƙarfin doki 455. Zafi ya dame ni ƙwarai, gilashin ƙofa ɗan ƙasansa kaɗai ke sauka. Amma da ya samu miƙaƙƙen titi ya taka totur, ƙarar injin ta bayan kunnena ta shige ƙirjina, bayana ya manne da kujera.

Sani_Brescia: Oga Bala, kuma fedojin ba su karkace zuwa tsakiya ba?

Oga_Bala: Sun karkace, kumburin tayar gaba ne ya cinye wurin. Da takalmi mai faɗi sai ka taka birki da totur tare, don haka wasu ke cire shi kafin su tayar.