Tambaya: IN ya ƙi karɓar jerin lambobi a SQLAlchemy

Salamu alaikum 'yan uwa. Rumbun bayanan ɗaliban wata makaranta ce a Gombe, kan PostgreSQL (manhajar rumbun bayanai), ana tura ɗanyen SQL (harshen tambayar rumbun bayanai) ta session.execute a SQLAlchemy 2.0 (laburaren Python na aiki da rumbun bayanai), an naɗe shi cikin text() na SQLAlchemy yadda ake so.

Umarnin: SELECT suna FROM dalibai WHERE id IN :ids

Da psycopg2 (direban da ke haɗa Python da PostgreSQL), in aka miƙa jerin lambobin a matsayin tuple a gurbin :ids lafiya lau. Da aka koma psycopg 3 sai ya tsaya cak: syntax error at or near "$1". Dalilin a fili yake, sabon yana aika ƙimar daban zuwa sabar, ba ya cusa ta cikin rubutun umarnin.

To wanne ya fi: bindparam mai expanding=True, ko = ANY da list? Musamman in lambobin sun kai 5,000, ko jerin ya zo fanko. Haɗa rubutun da hannu kam ban yarda ba. Don Allah a taimaka.